Awon Gas na Biyu a Ƙanƙara

Shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu ina gida a Tafoki, na dawo hutu daga makaranta. Na naɗe wayata cikin ɗankwali na jefa a akwati. Da farko shirun ya yi mini daɗi. Nakan zauna bayan ɗaki da littafi a cinya, ba karatun nake yi ba, ina kallon dawa tana sunkuyar da kai saboda nauyin ido. A hankali na gane cewa shirun nan ba hutu ba ne. Duk wanda yake nesa da kai sai ya zama kamar ya faɗa rijiya, ba ka jin motsinsa, shi ma ba ya jin kiranka.

Wadda take nesa da mu ita ce Yayata. Aure ya kai ta hayin iyaka, wani ƙauye gaba da Ɗan Isa a ƙasar Nijar, kuma tana da tsohon ciki, na fari. Gida ya kamata ta zo goyon ciki, amma hanyoyinmu sun lalace da 'yan daji, Baba ya aika tun kafin a katse waya cewa ta zauna inda take.

Ranar wata Asabar da hantsi takarda ta iso. Daga hannun direba zuwa hannun direba ta biyo, har ta yi laushi kamar tsumma, gefenta da tabon baƙin mai. Mijin Yaya ne ya rubuta. Baba ya kira ni tsakar gida ya miƙo mini, na karanta da ƙarfi. Ta sauka ranar Talata, namiji. Amma jini ya ƙi tsayawa, zazzaɓi ya rufe ta, wani lokaci ba ta gane wanda yake kanta. A can ƙasa, da rubutu mai karkata, ya ƙara layi ɗaya: Inna take kira.

Kwana huɗu takardar ta yi a hanya. Abin da ya fara zo mini ke nan. Duk abin da zai faru a kwana huɗu ya riga ya faru, mu ne kawai ba mu sani ba.

Inna tana sheƙar gero a gindin rumbu. Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Allah shi ba ta lafiya," da irin muryar da ake yi wa akuyar maƙwabta addu'a. Ta ci gaba da sheƙa, ƙaiƙayi yana sauka a ƙafarta.

Yaya ce ɗiyar fari ta Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. In ta kama dole sai ta ce "waccan". Ba ta taɓa zuba mata abinci a gaban mutane ba, ba ta taɓa yi mata kitso ba. Ana yaye ta Kaka, uwar Baba, ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, ita ta yi mata kayan aure. Ranar da aka tafi da Yaya, Inna ta shige madafa ta rufe, wai hayaƙi ne ya sa idonta ja. Da Kaka tana raye ita za ta tafi wankan jego, babu mai ko tambaya. Amma Kaka ta rasu bara.

Baba ma bai ce komai ba, shi ma ai ta farinsa ce. Ya dai sa hula ya fita. Daga baya na ji cewa ya sami mai zuwa Dandume, ya ba shi saƙo zuwa ga ƙanensa da ke Sabuwa, wanda muke kira Baba Ƙarami. Shi yake da tsohuwar akori-kura mai shan gas, wato man dizal, wadda yake kwaso amfanin gonarsa da ita. A lokacin an hana motocin haya bin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, sai su zagaya ta Funtuwa, kuma 'yan kaɗan da suka rage sukan wuni a tasha ba su cika ba. Mota ta gida ce kaɗai za ta kai mutum iyaka a wuni guda.

Da yamma Inna ta same ni ina wanke-wanke. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke za ki tafi ki dubo 'yar'uwarki. Ni rakiya zan yi miki, budurwa ba ta wannan tafiya ita kaɗai." Na ce to. Washegari na ga 'yar rakiyar tawa ta daka yajin jego turmi guda, ta ƙulle kanwa da daddawa da kuka, ta ciro zannuwa biyu sababbi daga ƙasan akwatinta.

Baba Ƙarami bai iso ba sai Litinin, don Lahadi gaba ɗaya a layin mai ya yi ta a Sabuwa. Tun daga ƙofar gida ya fara tsokanar Inna, kamar yadda ya saba da matar wansa.

"Uwargida, an ce za ki fita ƙasar waje! Ina fasfo? Ina akwati mai taya?"

"Kai dai ka zo da gwangwanin nan naka. Ko Sheme za ta kai mu?"

"Gwangwani? Wallahi ta fi ki ƙwarin gwiwa. Ita ba ta cewa wash in za ta tashi."

Inna ta yi dariya kaɗan, ta tsaya da wuri. Shi ma da ya zauna da Baba a zaure fuskarsa ta sake. Ina kawo musu ruwa na ji bayanin. A kowace ƙaramar hukuma ta yankinmu gidajen mai biyu kawai aka bari su buɗe, kuma kowace mota awo ɗaya ake zuba mata, ba ƙari. Jarka kuwa an hana ta gaba ɗaya, don kada mai ya kai hannun mutanen daji. Fetur ma da wuya, balle gas, tunda masu tanka suna tsoron shigowa.

Allurar da ke nuna yawan mai a motarsa ta daɗe da mutuwa. Da karan dawa yake awo. Ya kira ni bakin motar, ya buɗe tanki, ya zura karan ya ciro. Ya yi masa tsaga-tsaga da wuƙa. Ya ɗora farce a ta ƙasa ya ce, "Nan Ƙanƙara. Nan Dutsin-ma. Nan Katsina. Nan bakin iyaka. Wannan ta sama kuma dawowata Katsina ce, don daga Jibiya zuwa iyaka babu gidan mai ko ɗaya a buɗe." Na duba inda karan ya jiƙe. Da ƙyar damshin ya wuce tsagar farko da faɗin yatsa biyu.

Wani a majalisar ƙofar gida ya rantse cewa tanka ta sauke gas a Faskari da safiyar nan, da idonsa ɗan'uwansa ya gani. Baba Ƙarami ya tayar da mota ya tafi. Da la'asar ya dawo. Fetur ne aka sauke, gas kuwa rabonsu da shi an kwana biyu. Ya sake zura karan a gabana. Yatsu biyun nan sun tafi. Damshin yana daidai kan tsagar Ƙanƙara.

Inna ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake share shi.

Talata muka tashi, ranar suna. Ba wanda ya ambaci haka, amma kowa ya sani. A Sheme muka tsaya har rana ta ɗaga, don ba a shiga wannan hanya da sassafe, kuma ba a shigarta mota ɗaya. Da muka zama mota huɗu sai aka kama hanya a jere. Ni ce a tsakiya, Inna tana jikin ƙofa, kayan jego suna baya an lulluɓe da buhu.

Na san hanyar nan tun ina ƙarama, lokacin da muke zuwa Ƙanƙara sayen kayan salla. A da akwai masu gasa masara a bakin titi, da mata masu tallan nono. Yanzu babu kowa. Gonaki sun nuna, gero ya kwanta a wasu wurare babu mai yanka, tsuntsaye suna tashi garke-garke. Dawa ta yi tsawo har ta rufe gani ta kowane gefe. Kullum dawa mai tsawo takan ba ni sha'awa, ranar kuwa ji nake kowane kara yana iya buɗewa mutum ya fito. Muka wuce wani ƙauye da aka cire masa ƙyamare, wani tulu yana kife a tsakiyar hanya ta shiga gari.

Duk inda aka sami gangara sai Baba Ƙarami ya zare giya ya bar motar ta gangara da kanta. Yana yi yana magana da ita ƙasa-ƙasa. "Haƙuri, Hajiya, haƙuri. Kada ki sha iska a nan." Ya taɓa gaya mini cewa motar gas in tankinta ya ƙafe ta zuƙi iska, ko an zuba mata mai ba ta tashi sai an kwance an fitar da iskar, aikin da kan ci sa'a guda. Na riƙa tunanin sa'a guda a tsaye a tsakanin dawar nan. Sauran motocin sun fi mu sauri, a hankali suka yi mana nisa. Wajen mahaɗar Mabai injin ya yi tari sau ɗaya. Na ji Inna ta damƙe gwiwata, ta saki nan da nan kamar ta taɓa wuta.

Kafin shiga Ƙanƙara jami'an tsaro suka tsayar da mu, suka ɗaga buhu suna neman jarka. Ɗayansu ya buɗe ƙullin yaji, ya yi atishawa sau uku, ya ce, "Mama, wa ya haihu?" Inna ta dubi gefe. Baba Ƙarami ya ce, "Jika muka yi," aka ɗaga mana hannu.

Akwai gas a Ƙanƙara. Tun daga nesa muka gane, saboda layin. Manyan motoci, tarakta biyu, akori-kura irin tamu, sai kuma masu injin niƙa na ƙauyuka, waɗanda tunda an hana jarka suka kwance tankunan injinansu suka ɗoro a amalanke, shanu suna tsaye cikin layi suna kaɗa jela kamar su ma man suke jira. Duk motar da aka zuba wa sai a yi mata alama da alli a gilashi. Muka shiga baya. Rana ta fara zafi, warin gas ya cika ko'ina.

Baba Ƙarami ya leƙa ta taga ya yi hira da na gabanmu, ya dawo da kai ciki. Ya ce awo ɗaya zai kai mu Katsina da ƙyar. Masu fitowa daga can sun ce gas ya yanke a birni, layi har kwana ake yi. In muka tsaya a Katsina neman motar haya zuwa Jibiya, la'asar za ta same mu, kuma bayan la'asar ba mai shiga wannan hanya. Sai gobe ke nan, ko jibi.

"Amma akwai dama ɗaya," in ji shi. "An ce manajan yana da izinin ƙara awo na biyu ga mai gawa, ko mai mara lafiya na jikinshi. Sai dai ba ya yarda da bakin direba, ya ce mun cika ƙarya. Ni kuma in na fita layi ya motsa, an wuce ni. Uwargida, ku je ke da ɗiyar nan ki yi mashi bayani."

Inna ta gyara mayafi muka fita.

Manajan yana zaune a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, mutane sun kewaye shi kowa da ƙorafinsa. Ba tsoho ba ne, kuma da gani a birni ya tashi. Idonsa ya yi ja don gajiya. Da muka samu muka matsa, Inna ta durƙusa kaɗan ta gaishe shi. Ta ce mara lafiya gare mu a hayin iyaka, mai jego ce, jini ya ƙi tsayawa.

"Allah shi sawwaƙe," ya ce, yana miƙa wa wani alli. "Hajiya, mi take gare ki?"

Inna ta saci kallon mutanen da ke kewaye. Maza sun fi ashirin a wurin, har da wani mutumin Tafoki da na gane, abokin Baba.

"Yarinya ce ta gidanmu," ta ce.

"Na ji. Ɗiyarki ce?"

Na ga ta jawo bakin mayafi ta rufe haɓa. Ta dubi ƙasa.

"Ɗiyar mutane ce dai."

Ya sauke numfashi. Ba da faɗa ya yi magana ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Kowa da ke nan yana da ɗiyar mutane da ba ta da lafiya. Abin da ya rage a ƙasa ba ya kai ƙarshen layin nan. Awo na biyu na uwa ne, ko ɗa, ko miji da mata." Kafin ya rufe baki wani mai tarakta ya shiga gabanmu.

Takardar mijin Yaya tana cikin jakata. Kalma biyu kawai zan faɗa ya gane. Na buɗe baki, na dubi Inna, na ga yadda ta ƙanƙame mayafin, sai na ji kamar in na faɗa na tuɓe mata shi a gaban mazan nan. Ni da nake tsayawa gaban aji in yi jawabi, ni da nake cika littafi da waƙe-waƙen da ba mai karantawa, na tsaya kamar gunki har aka ture mu baya. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji kunya, kuma ba irin ta Inna ba.

Da muka koma mota Baba Ƙarami ya karanci fuskarmu.

"Mi ya ce?"

Na gaya masa yadda aka yi. Ya bugi sitiyari da tafin hannu.

"Ɗiyar mutane? Uwargida, ɗiyar mutane kika ce? Wane mutane? Mutanen Sin?"

"Ka rage murya."

"Ba ni ragewa! Wuni na yi a layi a Sabuwa, na ƙona mai zuwa Faskari a banza, na ratso dajin nan da raina a hannu, don ɗiyar mutane? To mu juya mana. Mutanen su je su duba abarsu."

"A gaban maza kake so in..." Ba ta ƙarasa ba.

"Maza za su yi mata wankan? Maza take kira?" Ya juyo kaina. "Ke kuma 'yar boko, ina bakin naki? A makaranta kika baro shi?"

 Layi ya motsa, muka matsa tsawon mota ɗaya. Ya sake motsawa. Saura mota shida a gabanmu. Mai zuba man ya ɗaga murya ya ce wa na baya su daina shiga layi, abin ya kusa ƙarewa. Rana ta kusa kaiwa tsaka. Na lumshe ido na ga Yaya kwance a ɗakin da ban taɓa gani ba, tana kallon ƙofa. Na yi ƙoƙarin ganin fuskarta, sai na riƙa ganin zani a lulluɓe. Na buɗe ido da sauri. A karo na farko a rayuwata na ji haushin Inna, haushi na gaske, har na janye kafaɗata daga tata.

Saura mota huɗu ta buɗe ƙofa.

Ba ta ce in zo ba, amma na bi ta a baya. Tafiya take kamar mai ɗauke da tulu cike. Ta ratsa mazan, ba ta jira a ba ta hanya ba, ta tsaya gaban manajan. Wannan karon ba ta durƙusa ba. Ta saki mayafin daga haɓarta.

"Alhaji, ɗazu ban faɗa maka daidai ba."

Ya ɗago.

"Ni na haife ta. Ita na fara haihuwa." Muryarta ta fita, har na nesa sun juyo. Sai ta faɗi sunan Yaya. Ta faɗe shi cikakke, ta haɗa da na Baba. "Ita ce ke kwance. Ni take kira, yau kwana bakwai."

Ban taɓa sanin yadda sunan zai yi a bakinta ba. Ta ja shi a hankali, kamar mai taka ƙasa da ƙafar da ta daɗe a ɗaure. 

 Mutumin Tafoki ya juya baya yana duba tayar wata mota da ba tasa ba. Dattawan da ke wurin duk suka sunkuyar da kai, kamar su aka kama da laifi. Manajan ya dube su, ya dube ta, da alama ya ga abu ya faru amma bai gama gane girmansa ba. Wani tsoho mai injin niƙa, wanda na ji ana cewa daga Pauwa ya taso tun jiya, ya sauko daga amalankensa.

"Ɗana, zuba mata," ya ce. "Macen karkararmu ba ta yin wannan don mai. In babu, a rage cikin nawa, matan garinmu su yi daka kwana biyu."

Manajan ya tashi tsaye. Ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Wace ce motar?" Na nuna masa. Ya je da kansa ya ja layi biyu da alli a gilashinmu.

Inna ta riga ni komawa. Na same ta ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta jingina da ƙofa. Baba Ƙarami ya ga layi biyun, ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya buɗe baki zai yi tsokana, na ga ya haɗiye ta. Da aka zuba mana ya auna, ya ce a hankali, "Ya kai. Dawowar ce dai sai an yi addu'a."

Daga Ƙanƙara har Dutsin-ma, har Katsina, Inna ba ta buɗe fuska ba. Ni kuwa samun man bai kwantar mini da hankali ba, sai ma ya cire abin da yake tsakanina da tsoron na gaske. Da muna neman gas, gas nake tunani. Yanzu babu abin tunani sai abin da za mu tarar. A Katsina muka ga layukan da aka faɗa, motoci a kashe, direbobi kwance a ƙarƙashinsu. Muka wuce ba mu tsaya ba. Bayan Jibiya gidajen mai duk an ɗaure bakinsu da igiya, ciyawa ta fito a gindin famfunan.

A Magama, bakin iyaka, Baba Ƙarami ya sauke mu, don takardun motarsa ba na ƙetarawa ba ne, kuma dole ya koma birni kafin rana ta yi sanyi. Ya sauke kayan, ya ɗora mini ƙullin gero a ka. Ya tsaya gaban Inna yana murza hularsa.

"Yaya," ya ce. Ban taɓa jin ya kira ta haka ba. "Ki gaishe mini da mai jegon."

"Ka tafi kada yamma ta yi maka," in ji Inna daga cikin mayafi.

Muka nuna katinmu muka ƙetara. Wata ƙaramar mota da ta cika har bayanta ta kai mu Ɗan Isa, daga nan muka sami amalanken da ke komawa ƙauyen su Yaya daga kasuwa. Ƙasar can rairayi ce, gero gajere, sama a buɗe ta ko'ina. Shanun suna tafiya kamar ba su da inda za su. Na so in tambayi mai amalanken ko ya ji wani labari daga gidan, na kasa. Inna ma ba ta tambaya ba. Shi kuwa sai zancen tsadar mai yake mana, wai su ma nasu gidajen man awo ake yi.

La'asar sakaliya muka hango gidan. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Daga nesa zaman suna da zaman makoki duk ɗaya ne. Na ga fatar rago a shanye jikin danga, zuciyata ta ɗan saki, sai na tuna cewa ko uwa ta rasu ana yanka wa jariri ragonsa. Na kasa kunne ko zan ji guɗa, ko kuka. Babu ko ɗaya, sai ƙarar taɓarya.  Inna ta sauko ta tsaya riƙe da ƙullin kanwa, ba ta matsa ba.

Wata mata ta leƙo daga zaure, ta tafa hannu. "Lale da mutanen Najeriya! Yanzun nan take zancenku!"

Na zauna a ƙasa, a nan cikin rairayi, da geron a kaina.

Uwar mijin Yaya ce matar. Tana jan mu ciki tana ba da labari. Ranar Alhamis suka kai ta asibiti a Maraɗi, aka ƙara mata jini, jiya aka sallamo ta. Ba ta iya tashi zaune ba tukuna, kuma likita ya ce a yi hankali da ruwan zafi.

Na shiga ɗakin. Yaya ta rame har na ga ƙashin wuyanta, leɓɓanta sun yi fari. Jaririn yana gefenta an aske masa kai. Ta kama hannuna, hannunta ba ƙarfi, idonta yana bayana, a ƙofa.

"Ke kaɗai?"

"Tare muke."

Inna ba ta shigo ba. Ta zauna a dokin ƙofa daga waje, ta ba ɗakin baya, tana kwance ƙullin kanwa. Na ji tana tambayar uwar mijin ina turmi, ina tukunyar kunu, ko itacen nan busasshe ne. Yaya ta daɗe tana kallon bayanta. Hawaye ya gangaro mata zuwa kunne, ba ta share ba.

"An ce babu mai a wajenku," ta ce da ni. "Ya aka yi kuka samu?"

Na shiga neman ta inda zan fara. Daga bakin ƙofa, ba tare da ta juyo ba, Inna ta ce, "Ce mata ƙanen ubanku ne ya yi dabara. Ki zo ki hura mini wuta."

Na ce wa Yaya haka ne. Na gyara mata zani, na fita na hura wutar.